Mai Tambayar Hanyar Gwanja

Ƙamshin masara ne a kan gawayi, gauraye da na ƙasar da ruwa ya daka da la'asar. Har yau in na bi ta bakin kasuwar Samaru da damina, hayaƙin mai gasa masara ya bugi hancina, sai in gan ni zaune a kan tabarma a ƙofar gidanmu na Hayin Dogo, ina 'yar shekara tara, Iya tana fifita wuta da maficinta na kaba wanda gefensa ya babbake.

Iya kakata ce, mahaifiyar Mama. Tun la'asar take kafa murhunta a ƙofar gida. Ɗaliban jami'a su tsaya su saya suna cakuɗa Hausa da Turanci, ita kuma tana yi musu tsiya cewa duk karatun nan nasu ba su iya zaɓen masara ba. Mu Kirista ne, amma da kiran sallar masallacin bayan layi muke auna lokaci kamar kowa. Da an idar da magariba, masu saye suka ja baya, gawayin ya zama namu. Ni da ƙanwata Asabe da 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku mu kewaye shi, Iya ta kakkarya mana masarar da ba ta shiga ba, ta gyara zama.

Daminar da nake nufi ita ce wadda Anti Laraba ta ɓace. Ƙanwar Mama ce, autar Iya, tana aure a Basawa. Wata safiya ta shigo gidanmu hannunta na dama naɗe cikin ɗankwali, idonta ɗaya ya rufe don kumburi, 'yarta Jummai kuwa a bayan wata mata da ta rako ta, don ita ba ta iya goyo. Aka kore mu waje. Amma bangon gidan haya ba ya riƙe magana. Na ji Mama tana cewa, "Iya, in ya sake samunta, gawa za a kawo mana." Kwana biyu Anti ta yi a ɗakin Iya. A na uku muka tashi babu ita, babu Jummai.

Na tambayi Iya ina suka tafi. Ta ce, "Gwanja." Kashegari Asabe ta tambaya, aka ce mata, "Ƙasar Tonawa." Matan layi da suka zo jaje kuwa aka ce musu, "Tana Gwalkwas." Ba wanda ya musa mata, domin duk unguwar an san Iya ba ta ƙarya. Ɗalibi zai tambaye ta ko masarar ta yau ce, ta ce masa, "Ta jiya ce, in ba ka so ga ta Ladi maƙwabciyata can gaba," ya tafi da kuɗinsa tana kallo.

Mijin Anti, wanda muke kira Baban Jummai, ya fara zuwa kullum da yamma. Haifaffen bariki ne, yana gyaran babur, Hausarsa 'yar sama-sama ce irin ta waɗanda suka tashi cikin yaruka da yawa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Tun daga bakin layi yake kashe babur ɗinsa ya turo shi da hannu, sai dai kawai mu ga inuwarsa ta faɗo kan tabarma. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Iya, ya sayi masara ɗaya ya riƙe, ba ya ci.

"Iya, ina matata?"

"Tana inda Allah ya ajiye ta."

"Na gode, Iya," in ji shi, da murmushi. Ya ɗan zauna yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tura babur ɗinsa ya tafi.

A cikin wannan makon ne aka karanta mana a coci yadda aka gudu da jariri zuwa Masar. Ran Litinin na duba taswirar ajinmu tun daga sama har ƙasa, babu Masar. Malaminmu ya nuna mini ita da bulala, an rubuta wani suna dabam a kanta da Turanci. Abin ya tsaya mini a rai. Da yamma, Baban Jummai bai daɗe da tafiya ba, na ce, "Iya, me ya sa ƙasa ɗaya take da suna biyu?"

Ta dube ni, ta dubi bakin layi inda ya ɓace. Sai ta ce abin da takan ce in za ta fara: "Ku matso ku tare mini iska, ga wata nan tafe."

Muka ce, "Ta iso ta same mu."

Ta ce a da can kowace ƙasa sunanta ɗaya ne, kamar mutum, kuma in an kira ta tana amsawa.

"Da baki, Iya?" in ji Asabe.

"Ke da me kike amsawa? Yi mini shiru."

A zamanin nan, in ji ta, akwai wani da ake ce wa Mai Tambaya. Ba dodo ba ne mai ƙaho ko jela. Mutum ne tsaf, rigarsa wankakkiya, gaisuwarsa ta fi ta kowa daɗi. Abu ɗaya ne kawai: in ya taka ƙasa ba ya barin sawu, ko da a cikin taɓo ne. Ba ya ƙwace, ba ya duka. Hanya kawai yake tambaya. In aka nuna masa, ya je bakin iyakar ƙasar ya tsaya, ya kira sunanta. A kira na farko tsuntsaye su yi shiru. A na biyu ruwan rijiyoyi ya ja ƙasa. A na uku ƙasar ta amsa, sai duk wanda ya taɓa shan ruwanta ya ajiye abin da ke hannunsa, mai daka ta ajiye taɓarya, mai noma ya ajiye fartanya, su jeru a bayansa idonsu a buɗe, su bi shi.

"Ina yake kai su?" Ni ce na tambaya.

"Ba wanda ya dawo ya faɗa."

Fatake ne suka kawo labari, domin sukan isa gari su tarar da tukunya a kan wuta, tuwo ya ƙone, babu kowa. Mahaifin Iya bafatake ne, ya sha kora jakuna zuwa ɗauko goro, don haka in ta zo kan fatake muryarta takan canja, kamar mai ba da labarin 'yan gidansu. Ta ce aka taru a wata mararraba ana neman mafita. Sarakuna suka ce a ɗaga ganuwa. Maharba suka ce a shafa wa kibau dafi. Sai wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce musu ai mutumin nan da murya yake aiki, ba da ƙafa ba. Ta ce kowace ƙasa ta riƙe sunanta a cikin gida, maƙwabta kuma kowa ya laƙa mata nasa.

Haka aka yi. Waɗansu suka kira ƙasa da abin da suke sayowa a cikinta. Waɗansu da sunan mutanen farko da suka tarar a bakin ƙofa. Waɗansu da kogin da suke ƙetarewa kafin su isa. Waɗansu ma zagi suka laƙa, aka ce a bar su, shi ma yana rufe asiri.

"Shi ya sa Barebari ke ce mana Afuno," in ji Iya, tana juya masara ba ta kallon kowa. "Yarbawa su ce Gambari, Fulani su ce Haɓe. In ya ji suna a gabas ya zo yamma yana tambaya, a ce masa ba a taɓa ji ba. Kuma ba ƙarya aka yi masa ba."

"Sai ya mutu?" in ji Asabe.

"Wa ya ce miki yana mutuwa? Ya ƙara cin ƙasa ɗaya ma bayan nan."

Akwai wata 'yar tafinta, yarinya mai kai, ta iya bakin gabas ta iya na yamma. Ya same ta a bakin rijiya ya roƙi ruwa. Ya sha, ya yi godiya, ya ce ya ji labarinta, an ce babu sunan da ba ta sani ba. Ta ji daɗi. Ta zauna ta jera masa su kamar mai shirya duwatsun wuya a zare, wannan shi ne wancan, wancan shi ne wancan, har ta kai kan na cikin gida. Kafin rana ta faɗi ita ce a gaban layi, da gugarta a hannu.

Gawayi ya yi ƙara ɗaya, ya fashe.

"Malama, kin ji ko?" Haka take kirana don tsokana, saboda son littafina.

"Na ji, Iya."

Ta ɗebi ruwa a moɗa ta yayyafa wa wutar. "Ta mutu tare da gawayin nan, kada ta bi kowa ɗaki."

Ta bi ni. Kwanaki ina tsoron duk mai wankakkiyar riga da ya gaishe ni da kyau. Har Baban Jummai na zarga. Da ya zo kashegari ya tafi, na lallaɓa na duba taɓon bakin kwata inda ya tsaya. Ga sawun takalminsa nan raɗau, ga na tayar babur. Hankalina ya kwanta. Na ce a raina shi mutum ne kawai.

Wani abu kuma da tatsuniyar ta yi mini, wanda a lokacin na ɗauka ba shi ta nufa ba, shi ne ta sa mini ƙishin sunaye. Na ja layi a tsakiyar shafin ƙarshe na littafin lissafina, na fara tarawa. Masar a hagu, sunanta na Turanci a dama. Habasha, Sin, Sham. Na tambayi mai shagon magani na layinmu yadda suke kiran Arewa a garinsu, ya ce Ugu Awusa, na rubuta. Ina jin daɗin su a bakina. Nakan kwanta ina maimaita su kamar waƙa. Amma guda uku sun ƙi samun abokan zama: Gwanja, Tonawa, Gwalkwas. Na tambayi Baba, ya ce in je in yi aikin gida.

Ran wata Asabar na raka Mama kasuwar Sabon Gari. Tana can tana ciniki da mai busasshen kifi, Turancin kasuwa yana tashi ta ko'ina, na hangi wani tsoho a gindin rumfa yana yayyafa wa goronsa ruwa. Na matsa na gaishe shi, na tambaye shi ina ne Gwanja.

Ya yi dariya har haƙoransa jajaye suka fito. "Ikon Allah. Wa ya koya miki wannan, 'yar nan? Rabon da in ji shi a bakin yaro na manta." Ya ce Gwanja tana arewacin ƙasar da yanzu muke ce wa Gana, can ne kakanninsu ke zuwa sarin goro, a wani gari Salaga. Tonawa su ne mutanen kurmi da ke kawo goron. Gwalkwas kuwa sunan da Turawa suka ba wurin ne, bakinmu ya lanƙwasa shi.

"Duk wuri ɗaya ne ke nan, Baba?"

"Ɗaki uku ne a gida ɗaya."

Ran Litinin na samo Salaga a littafin taswira na makaranta, ɗan ɗigo baƙi kusa da wani shuɗin ruwa. Na ɗora yatsata a kai. Ji na yi kamar na taɓa kafaɗar Anti. Na cika guraben nan uku da rubutuna mafi kyau, ban gaya wa kowa ba.

Ran Talata aka tashe mu daga makaranta hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu tun azahar. Asabe ba ta je ba ranar, tana zazzaɓi, ni kaɗai nake tafe. A gindin mangwaron da ke kusa da kwalbati na ga Baban Jummai zaune a kan babur.

"Saratu, ruwa zai sauko. Hau in kai ki."

Na ce Mama ta hana. Bai yi musu ba. Ya sauko ya kama turawa a gefena, muna tafiya tare, iska tana kaɗa ledoji a kan hanya.

"Kakarki ta maida ni mahaukaci," in ji shi a hankali, kamar mai magana da kansa. "Wannan yaro ya ce Gwanja. Wancan ya ce Tonawa. Matan layi su ce wani abu kwas. Na tambayi yaran garejinmu, dariya suka yi mini. Sunayen tatsuniya ne. Tsohuwa da furfura, kullum tana coci, tana ƙarya."

"Iya ba ta ƙarya."

"To ƙasa uku matata ta tafi a rana ɗaya?"

"Ɗaya ce."

Ya yi 'yar dariya. "Ke ma sun koya miki."

Ban tuna da 'yar tafinta ba, ko kaɗan. Ba yabona yake yi ba, zagin Iya yake yi, kuma ga gaskiyarta a cikin jakata. Na tsaya, na zaro littafin, na buɗe shafin ƙarshe na miƙa masa.

Ya jingine babur ɗin a cinyarsa. Ya bi layin da yatsa mai baƙin mai, leɓensa yana motsi. Ya daɗe a kan Salaga. Sannan ya yage shafin a hankali, daidai kan ɗinki, don kada ya ɓata mini sauran. Ya ninka shi huɗu ya sa a aljihun gaba, ya maido mini da littafin da hannu biyu.

"Kin yi karatu, Saratu. Allah ya ƙara."

Ya tada babur. Wannan ne karo na farko da na ji ƙararsa kusa da ni. Ruwa ya fara sauka manya-manya, ni kuwa ina tsaye da littafi a buɗe.

Bai zo da yamman nan ba. Bai zo kashegari ba. A rana ta huɗu wata mata daga Basawa ta zo ta ce ya rufe gareji, ya sayar da babur, an gan shi a tasha da jaka yana shiga motar Ikko, yana tambayar yadda ake ƙetare iyaka. Mama ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ɗora hannu a ka. Ta yi ta cewa, "Wa ya gaya masa? Wa ya gaya masa?"

Na jira har masu saye suka watse. Ranar ba yaron da ya zo tatsuniya, kowa ya ji gidan ba lafiya. Na durƙusa a gefen murhu na ce, "Iya, ni ce."

Ba ta ɗago ba. "Da baki kika gaya masa?"

"A rubuce."

"Ya karanta da idonsa?"

"Ya yage takardar ya tafi da ita."

Ta yi ta fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Ina jiran mari, ina ma roƙon Allah ya sa ta mare ni. Can ta ce, "To." Ta ƙara da cewa, "Je ki wanke fuskarki."

Shi ke nan. Ba ta gaya wa Mama ba, ba ta sake ta da zancen ba, ba ta kuma sake yin tatsuniyar Mai Tambaya ba ko da yara sun roƙa. Wata da watanni duk wanda ya yi sallama a ƙofa sai in ce ga masu kawo gawa. Sai bayan fiye da shekara aka aiko cewa Anti Laraba tana raye, tana Kafanchan tana ɗinki. Na ɗauka ya cim mata a can ne ta sake tserewa, kuma Allah kaɗai ya san abin da ta gani kafin ta kuɓuta. Ban tambaya ba. Shi kuwa bai sake dawowa Basawa ba, ba wanda ya san inda ya ƙare.

Na girma, na shiga jami'ar nan da ɗalibanta ke sayen masararmu, na karanci harsuna. A aji aka koya mana dalilin da ya sa ƙasashe ke da sunaye dabam-dabam a bakin mutane, sai na tarar kusan duk abin da Iya ta faɗa ne, an cire Mai Tambaya kawai. Larabawa suna ce wa Jamus Almaniya, daga sunan wata ƙabila ɗaya da maƙwabta suka fara sani a bakin iyaka, alhali mutanen ƙasar da wani suna suke kiran kansu. Indiya daga sunan kogi ne. Waɗansu al'ummu har yau suna fama a daina kiransu da sunan da maƙwabta suka laƙa musu don raini, kuma ba sai an je nesa ba, akwai su a kudancin jiharmu. Ina zaune ina rubutawa ina jin ƙamshin gawayi.

Abin da na ɗauka daga tatsuniyar shi ne sani abu ne mai kaifi, kuma ni ba a ba ni amanarsa. Na zama mai sanin amsa ta ƙi ɗaga hannu. In baƙo ya tambaye ni hanya a titi, ko ta asibiti ce, sai na ji harshena ya yi nauyi. Ƙawayena suna cewa ina da zurfin ciki, suna ganin ado ne. Ni na san daga inda ya fito.

Ina shekarar ƙarshe Iya ta rasu. Anti Laraba ta zo, ta yi ƙiba, ga furfura a gaban goshi, Jummai ta fi ni tsawo. Bayan an dawo daga maƙabarta, baƙi suna ta shiga da fita, na same ta ita kaɗai a bayan gida tana wanke kwanuka. Hannun nan na dama har yanzu ba ya miƙewa sosai. Na durƙusa a gabanta, na ce ta yafe mini, ni ce na nuna masa hanyar Gana.

Ta tsaya da soso a hannu. "Wace Gana?"

Na ba ta labari duka, da tsoho mai goro, da shafin da aka yage. Ta saurara har na gama. Sai ta zauna a kan turmi, ta goge hannu a zani.

"Saratu, ni ko kogin Kwara ban taɓa ƙetarewa ba. Ina nan unguwar Jushi. A ɗakin bayan shagon wata Bayarabiya mai ɗinki, ƙawar Iya ta zumuntar mata. Wata goma sha ɗaya ban leƙa titi ba. A can na koyi keken ɗinki."

"Mama ta sani?"

"Ba wanda ya sani, sai su biyu. Iya ta ce mutumin nan ba zai taɓa yarda da abin da aka miƙa masa ba, sai wanda ya zaro da kansa. Ta ce kuma akwai yarinya ɗaya a gidan da ba ta iya barin suna ya kwana ba ta gano na wane ne ba." Ta dube ni da kyau. "Ba ta taɓa gaya miki ba? Duk shekarun nan?"

Na girgiza kai. Ban san ko kuka zan yi ba ko fushi, kuma wadda zan yi wa ɗayansu mun baro ta a ƙarƙashin ƙasa da safen nan.

Bayan sati biyu na tari keke mai ƙafa uku daga bakin layinmu, na ce a kai ni Jushi. Shagon ya zama wurin cajin waya, amma ɗakin bayan yana nan, da 'yar taga ɗaya mai kallon bango. Na duba agogo da na sauka. Daga ƙofar gidanmu zuwa nan, tafiyar ba ta kai rabin awa ba.